Yadda Za Ka Riƙe Ma'aikatanka Ta Hanyar Sanin Abin Da Kowannensu Ya Fi So

Saura kwana goma Sallah, shaddoji da yadikan mutane sun taru har rufi, sai telan da ka fi ji da shi ya ce ana zawarcinsa a wani shago. Ka yi masa ƙari, ya yi godiya, bayan Sallah ya tattara almakashinsa ya tafi. Ashe ba kuɗi ne damuwarsa ba, kai kuma ba ka taɓa bincika ba. Da shagon ɗinki zan yi misali, amma mai gidan burodi, da mai shago a Kantin Kwari, da shugaban sashe a ofis duk za su ga kansu a ciki.

Mataki na 1: Sauke haƙƙi tukuna

Wanda kake riƙe wa kuɗin mako biyu ba zai buɗe maka cikinsa ba. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya ce a ba ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi sama, kuma a Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, daga 30,000 na 2019. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma yaranka sun ji a rediyo, kuma da wannan adadin suke auna abin da kake ba su.

Sai dai biya kaɗai ba ya sa mutum ya so aikinsa. Wani masani Ba'amurke, Frederick Herzberg, shi da abokan aikinsa sun tambayi injiniyoyi da akantoci kimanin 200, suka fitar da sakamakon a 1959: gyara albashi da yanayin wurin aiki yana kashe ƙorafi, amma abin da ke ƙara himma shi ne yabo, da damƙa wa mutum amana, da ganin yana ci gaba.

Mataki na 2: Zuba ido na mako biyu ko uku

Labarin zuciya a tambayi fuska. Wa ke tsayawa bayan an tashi yana leƙen yadda kake yanka? Wa ke fara duba agogo da an yi La'asar? Wa ke ɗaukar hoton duk kaftanin da ya gama ya ɗora a WhatsApp? Wa ke neman a ɗan ba shi wani abu kafin ƙarshen mako? Ka rubuta abin da ka gani a bayan littafin awo, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa.

Mataki na 3: Tambaye shi, amma a keɓe

Idan ka tsare Bahaushe da "me kake so?", amsar da za ka samu ita ce "Ba komai Oga, Allah ya saka da alheri." Kunya ba za ta bar shi ba, balle a gaban abokan aiki. Ka ɗauke shi ku je sayo zare da maɓallai, ko ku zauna wajen mai shayi, ka bi ta gefe: "Cikin aikin nan wanne ne idan kana yi ba ka jin gajiya?" ko "Nan da shekara biyu, in Allah ya kai mu, ina kake hangen kanka?" Idan dattijo ne, shawara za ka nema: "Baba, me ka ga ya kamata mu gyara?" A cikin amsar za ka ji nasa. Mace kuwa, a yi maganar a inda ake ganinku, ko ta bakin babbar cikinsu. In ya yi shiru, ka jure shirun, kada ka cike shi da wa'azi.

Mataki na 4: Ba wa kowa nasa

Wani kuɗi ne a gabansa, kuma ba abin kunya ba ne: yana haɗa lefe, ko yana zubin adashi. Wannan ka biya shi kan kowace rigar da ya gama, ka tura masa aikin gaggawa mai ƙarin kuɗi.

Wani sana'ar yake so ya iya. Shi ne ya fi saurin guduwa, domin iyayen gida da yawa suna ɓoye yanka, su bar yaro shekara da shekaru kan guga da sa maɓalli don tsoron kada ya buɗe nasa shagon. A ganina wannan hasara ce. Zai buɗe ko ka koya masa ko ba ka koya masa ba. Bambancin shi ne ko zai riƙa turo maka kwastoma ko zai riƙa janye naka. Ka yanka masa lokaci a fili: wata kaza yankan wando, wata kaza kaftani, sannan babbar riga, ranar yaye kuma ka taimaka masa da keke ko ɗan jari, yadda iyayen gidan kasuwa suka saba sallamar yaransu.

Akwai mai neman lokaci, kamar ɗalibin da ke da lacca ran Talata, ko mai shayarwa da ke son tashi da wuri. Sassaucin awa biyu ya fi masa dubu biyar. Akwai dattijon da girmansa kawai yake so a tsare masa. Shi ko ya ɓata yadi, ba a yi masa faɗa gaban yara. Mai ɗora hoto kuwa, idan kwastoma ya yaba ɗinki ka kira shi ka ce "ga wanda ya yi." Amma ka kula, akwai wanda yabo a bainar jama'a ke takurawa, don yana gudun baki da hassada. Nasa yabon a faɗa masa shi kaɗai.

Mataki na 5: Toshe ƙofar ƴan uba

Da zarar ka bar ɗaya ya tashi da wuri, sauran za su fara gunaguni. Ka tara su ka faɗi ƙa'ida guda: kowa yana da damar neman sauƙi ɗaya, matuƙar aikinsa na mako ya fita a kan lokaci. Dalilin kowa kuma ya tsaya tsakaninku. Wanda ya gaya maka bashi ya yi masa katutu, ya kuma ji zancen a bakin mai guga, ba zai ƙara gaya maka komai ba. Kada kuma ka yi alkawarin abin da aljihunka ba zai ɗauka ba. "Ba yanzu ba, sai bayan Babbar Sallah" ya fi "to" ɗin da ba cikawa.

Mataki na 6: Sake zama da su

Saurayin da bara ba ruwansa da komai sai koyon aikin wuyan riga, bana ya yi aure, matarsa na da juna biyu, yanzu lissafin kuɗin awo da ragon suna yake yi. Makon bayan kowace Sallah, lokacin da shago ya yi sanyi kuma kowa ya rama barcinsa, shi ya fi dacewa. Ka ɗauko littafin awon nan, ka duba abin da ka rubuta a kan kowa, ka fara kiran wanda ka fi daɗewa ba ku zauna ba.