Yadda za ku shawo kan kamfanin jirgin ƙasa ya taimaka wa masu ceton namun daji

Na san wani zai ce wane jirgin ƙasa kuma a Nijar. To ai an yi layi, daga Yamai zuwa Doso wajen kilomita 140, kamfanin Bolloré na Faransa ne ya shimfiɗa shi, an fara a 2014 aka ƙaddamar a Janairun 2016, jigilar ce dai ba a yi ba yadda aka yi mana alkawari. Ga kuma na Kano zuwa Maradi mai kilomita 284 da aka aza tubalinsa a Fabrairun 2021. Ni abin da ke hana ni sukuni shi ne layin Doso ya bi ta yankin Kure ne, inda raƙuman dawanmu suke, irin da ba a samunsu a daji ko'ina a duniya sai ƙasar nan. A 1996 saura 49 kacal, da ƙyar da wahalar mutanen ƙauyukan da ma'aikatan gandun daji suka haura 600. Yanzu ma da babu jirgi motoci na buge su a kan kwalta, ina ga ranar da jirgi ya fara gudu, shi da ba ya tsayawa nan take ko an taka birki. Shi ya sa nake so ƴan uwa masu ƙananan ƙungiyoyi mu san yadda ake tunkarar kamfani tun yanzu.

Kafin komai ku gyara takardunku. Ƙungiyar da ba ta da takardar izini da asusun banki da sunanta, babu kamfanin da zai saurare ta ko da aikinta ya fi na kowa kyau. Sannan ku je wajen ma'aikatan gandun daji na yankinku ku gabatar da kanku, domin dokar farauta da kare namun daji ta 1998 ba ta yarda ka kama naman daji ka ajiye a gida ba tare da izini ba, ko da niyyar jinya ce. In sun san ku, wasiƙarku ta yi nauyi.

Daga nan sai littafi. Wallahi wannan shi ne rabin aikin, kuma shi aka fi rainawa. Ku sayi kaye ɗaya, duk dabbar da aka buge ko ta faɗa rami ko waya ta kama ta a rubuta ranar, wurin, kusa da wane ƙauye, wane kilomita, da safe ne ko da dare, a ɗauki hoto da salula. Makiyaya da ƴan kabu-kabu da direbobin tasha sun fi kowa gani, ku ba su lambarku. Bayan damina ɗaya da rani ɗaya za ku ga wuraren tsallakawar ba su da yawa, don raƙuman da damina suna kan tudu cikin jeji, da rani su gangara Dallol Boso wajen itatuwan gawo, hanyoyinsu kusan sanannu ne. Wanda ya shiga biron kamfani da taswira ya ce ga wurare huɗu da ake asara, daban yake da wanda ya shiga yana cewa a tausaya wa dabbobi.

Yanzu abin da za ku roƙa, nan ne muka yi kuskure da farko. Mun taɓa kai wa wani kamfanin sufuri wasiƙa muna neman kuɗi tsaba, har yau ba amsa, kuma da na zauna na yi tunani ban ga laifinsu sosai ba, ba su san mu ba, ba su san inda kuɗin zai shiga ba. Ku fara da abin da kamfani yake da shi a hannu wanda ba zai ji ciwon bayarwa ba. A rage gudu a wuraren da kuka nuna, musamman da asuba da almuru. A ba direbobi da masu gadin layi lamba ɗaya da za su kira in sun ga dabba kwance. A ara muku mota da mai ranar da za a kai likitan dabbobi, a kafa alluna, a ba ku tsofaffin katakai da ƙarafa ku yi shinge. Kuɗi na zuwa daga baya in an ga aikinku.

Ku riƙe misalai a baki, shugabannin kamfani suna son jin wani ya riga ya yi. A Japan kamfanin JR West ya haɗa kai da wani gidan kifaye na garin Kobe a 2015, suka yi ƴan lambatu ƙarƙashin layi don kunkuru ya bi, saboda da maƙalewa yake a wurin canza layi ya mutu, jirgi kuma ya makara. A Indiya suna kunna ƙarar kuɗan zuma da lasifika kusa da layi don giwaye su kauce. A Kanada kamfanin Canadian Pacific ya sa dala miliyan ɗaya a 2010 wajen bincike tare da hukumar gandun daji, don hatsin da ke zubewa daga taragu yana jawo dabbobi kan layi a gandun dajin Banff. A Kenya layin Mombasa zuwa Nairobi da aka buɗe a 2017 an yi masa dogayen gadoji a dajin Tsavo dabbobi na bi ta ƙasa. Ku lura duk cikinsu kamfanin ma ya ƙaru, jirginsa bai lalace ba bai makara ba, to da wannan za ku buɗe magana.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin a zuba ƙarfe. Duk babban aiki ana yi masa binciken illa ga muhalli, hukumar BNEE, wato ofishin ƙasa mai tantance binciken muhalli, ke dubawa, kuma ana kiran jama'a a ji ta bakinsu. Ku je taron nan da kayenku, ku tafi da maigari in zai yiwu, ku nemi a rubuta buƙatarku cikin rahoto. Da wuya a gina gada don raƙumin dawa bayan an gama layi, kuma wucewar da za ta ishi saniya ba za ta ishi dabbar da ta kai mita 5 ba, ku faɗi wannan ƙarara.

In Allah ya sa sun amince, a rubuta yarjejeniya ko shafi ɗaya ne, wa zai yi me, zuwa yaushe, kowa ya sa hannu, ma'aikatan gandun daji su zama shaida. Duk wata uku ku kai musu rahoto da hotuna da rasit na ko jika ɗaya ce. Kuma don Allah kada ku manta da manoma, raƙumin dawa yana cin wake da mangwaro, mutumin da aka cinye wa gona ba zai kira ku ba in ya ga dabba ta ji ciwo, sai in wani abu daga tallafin ya iso gare shi, ko rijiya ko iri.

Ku koya wa duk wanda kuka ba lamba cewa in ya ga ɗan raƙumin dawa shi kaɗai kada ya taɓa shi, sau da yawa uwar tana kusa tana kiwo, kuma harbinta na iya kashe mutum. Ya tsaya nesa, ya hana yara da karnuka matsowa, ya kira.