Yadda ake auna jinin ƙafa ga tsofaffin Sinawa masu hawan jini

A birnin Shenyang da ke arewa maso gabashin ƙasar Sin, inda na yi karatun likita har na kammala shekarar koyon aiki, da wuya tsoho ya shigo asibiti yana ƙorafin jijiyar jinin ƙafarsa. Abin da zai faɗa shi ne yana fama da "lao han tui", wato tsohuwar ƙafar sanyi, sunan da suke bai wa duk wani ciwon ƙafa da ke tashi da hunturu. Idan aka tsananta tambaya, sai ya bayyana cewa sha-raɓarsa ce ke ɗaurewa bayan ya yi 'yar tafiya, idan ya tsaya na ɗan lokaci ta sake shi, idan ya ci gaba ta sake kamawa. Wannan ita ce fitacciyar alamar ƙuntatar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, kuma yawancin masu ita suna da hawan jini. Binciken hawan jini da aka gudanar a faɗin ƙasar daga 2012 zuwa 2015 ya ƙiyasta cewa manya kusan miliyan 245 ne ke da hawan jini, kuma waɗanda suka shawo kansa ba su wuce kashi 15 da 'yan kai cikin ɗari ba. Ga kuma taba da kusan rabin mazan ƙasar ke sha, ga gishirin da ake ci a rana wanda ya kai ninki biyu na giram 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Saboda haka ɗalibin da aka tura sashen zuciya ko na masu ciwon suga a can ba zai yi mako guda ba sai an miƙo masa na'urar Dofla, wadda ke jiyo sautin gudanar jini a cikin jijiya, an ce ya auna ABI, wato awon da ake kwatanta ƙarfin jinin idon sawu da na damtse.

Kayan aikin ba su da yawa: na'urar Dofla ta hannu mai ƙarfin megahaz 8, ma'aunin hawan jini na famfo, man da ake shafa wa bakin na'urar, da ɗamarar da ake hura wa iska wadda faɗinta ya kai aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kewayen gaɓar da za a ɗaura wa. Manyan asibitoci suna da injin da ke auna gaɓoɓi huɗu a lokaci guda, yana da sauri kuma yana da tsada, amma yakan ba da lamba fiye da ta gaskiya idan jinin ƙafar ya yi ƙasa sosai, wato a daidai mutanen da aka fi buƙatar ganowa. Ka koyi na hannu tukuna, kuma kada ka amince da takardar inji a kan ƙafar da ba ka taɓa da hannunka ba.

Mataki na farko shi ne kwantar da majinyaci rigingine, kansa da dugadugansa duka a kan gado, ya huta minti 10 a ɗaki mai ɗumi. Ka tambaye shi yaushe ya sha taba, domin ana so a samu tazarar sa'a biyu. A nan ne masu koyo suke fara kuskure, musamman da sanyi. Tsohon arewacin Sin yakan sa dogon wandon ciki da suke kira "qiuku", wani lokaci da na ulu a kansa, sannan wandon waje. Ɗalibi mai jin nauyin dattijo sai ya naɗe wandunan nan uku zuwa ƙasan gwiwa, su taru su shaƙe ƙafar kamar an ɗaure ta da igiya, ya kuma auna a haka. Ka roƙe shi cikin ladabi, ka kira shi "daye" idan namiji ne ko "ayi" idan mace ce, ya cire su gaba ɗaya, ka lulluɓe shi da bargo. Ƙafar da ta shigo daga sanyin da ya sauka ƙasa da sifiri jijiyoyinta a tsuke suke, sai ta ɗumama kafin a ji bugunta sosai.

Daga nan sai awon, kuma yana da tsari: damtsen dama, idon sawun dama, idon sawun hagu, damtsen hagu, sannan a koma damtsen dama a sake auna shi. A kowane idon sawu jijiya biyu ake nema, ɗaya a bayan ƙashin idon sawu ta ɓangaren ciki, ɗaya a saman ƙafa, gefen jijiyar da ke ɗaga babban yatsa. Ana ɗaura ɗamarar dab da saman idon sawu, a zuba man da yawa, a jingina bakin na'urar a karkace yana fuskantar inda jini ke fitowa, kamar digiri 45 zuwa 60. Kada ka danna. Jijiyar saman ƙafa a kan ƙashi take kwance, ɗan nauyin hannu kaɗan ya isa ya toshe ta, kai kuma ka rubuta cewa babu bugu. Ka kafa gefen tafin hannunka a kan ƙafar don kada na'urar ta zame, ka hura iska har sautin ya ɗauke, ka ƙara maki 20, sannan ka saki a hankali, maki biyu a kowace daƙiƙa. Lambar da sautin ya dawo a kanta ita za ka rubuta. Ba a ɗaura ɗamara a kan gyambo, ko a ƙafar da ake zargin jini ya daskare a cikinta.

Komawar nan ta ƙarshe zuwa damtsen dama ita ce abin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin a kanta na taɓa jefa wani dattijo cikin tashin hankali. Tsohon ma'aikacin masana'anta ne mai shekara saba'in da ɗoriya, ya hau bene da ƙafa, ya shigo yana haki, kuma bai taɓa zama gaban baƙar fata sanye da farar riga ba. Na kwantar da shi minti biyu ko uku kawai saboda layi ya yi tsawo, na auna damtsensa na samu 186. Kafin in gama da ƙafafun ya natsu har ya fara ba ni labarin jikarsa, idon sawunsa ya ba da 160, damtsen hagu kuma ya ba da 166. Na ɗauki 186 a matsayin lambar damtse mafi girma, na raba 160 da ita na samu 0.86, na shaida wa 'yarsa cewa jijiyar ƙafar mahaifinta ta ƙuntata. Ina kallo ta dafa bango, hannunta na rawa tana neman lambar ɗan'uwanta a waya. Da malamata ta zo ta sake auna damtsen daman, sai ga 168, lissafi ya koma 0.95. Mai hawan jini ya fi kowa saurin tashin awo idan ya tsorata ko ya gaji, kuma awon farko ne ke kwasar wannan tashin. Idan lambar damtse ta kumbura, sakamakon duka sai ya faɗi, a ɗora wa ƙafa laifin da ba nata ba. Ƙa'idar ita ce, idan awon farko da na ƙarshe na damtsen dama suka bambanta da fiye da maki 10, a jefar da na farko a riƙe na biyu, idan kuwa ba su kai haka ba a ɗauki matsakaicinsu. Tun daga ranar ban sake faɗa wa iyalin majinyaci wata lamba ba kafin in maimaita damtsen farko, ko da layin ya kai bakin ƙofa.

Lissafin kansa mai sauƙi ne. A kowace ƙafa ka ɗauki lambar da ta fi girma cikin jijiyoyin biyu, ka raba ta da lambar damtsen da ya fi girma, ko da na ɗaya ɓangaren ne. Sakamakon 0.90 ko ƙasa da haka yana nuna ƙuntata, 0.91 zuwa 0.99 yana kan iyaka, 1.00 zuwa 1.40 lafiya lau. Abin da ya haura 1.40 ba albishir ba ne, yana nufin bangon jijiyar ya sandare har ɗamara ba ta iya matse shi, abin da aka fi gani ga masu ciwon suga da masu ciwon ƙoda, kuma irin waɗannan sai a auna musu jinin babban yatsa. Idan damtse biyu suka bambanta da maki 15 ko fiye bayan an maimaita, ka sanar da babban likita, domin yana iya zama jijiyar da ke kai jini hannu ce ta ƙuntata.

Wanda aka samu da ƙuntata ana duba zuciyarsa da jijiyoyin wuyansa, saboda cutar guda ce, kuma haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru a kansa. Ya bar taba, ya rage gishiri da miyar waken soya da ganyen da ake jiƙawa a gishiri don hunturu, ya riƙa tafiya minti 30 zuwa 45 aƙalla sau uku a mako, yana hutawa idan ciwon ya kama sannan ya ci gaba. Wasu tsofaffin sukan daina shan maganin hawan jini da tunanin cewa ƙarfin jinin zai tura shi ƙafa. Ka gaya musu ƙarara cewa kada su yi haka. Ka kuma tambayi batun jiƙa ƙafa a ruwan zafi da dare, al'adar da suke kira "pao jiao" wadda gidaje da yawa ke yi, domin ƙafar da jini bai isa ba, musamman ta mai suga, tana ƙonewa ba tare da mai ita ya ji ba, kuma ƙunar ba ta saurin warkewa. A riƙa gwada ruwan da gwiwar hannu kafin a tsoma ƙafa. Wanda kuwa ciwon ke tayar da shi cikin dare har sai ya sauko da ƙafar daga gado, ko yake da gyambon da ya ƙi warkewa, ko yatsansa ya fara baƙi, a tura shi wurin likitan tiyatar jijiyoyin jini a ranar.