Kurakuran da aka fi yi wajen tuna ranakun masana lissafi da kimiyya

Duk 25 ga Disamba sai an yaɗa cewa yau aka haifi Isaac Newton, har a ƙara da cewa a shekarar da Galileo ya rasu ya zo duniya, wato 1642. Akwai gyara a nan. A lokacin Ingila tana kan tsohuwar kalandar Juliyas, Italiya kuwa ta koma ta Paparoma Gregory tun 1582, kuma akwai tazarar kwana 10 tsakaninsu. Galileo ya rasu 8 ga Janairu 1642 a lissafin Italiya. In aka bi wannan lissafin, haihuwar Newton ta faɗo ne 4 ga Janairu 1643. An auna hatsi ɗaya da mudu biyu ke nan. Ingila ba ta sauya ba sai 1752, inda aka kwana 2 ga Satumba aka wayi gari 14 ga wata. Don haka in za ka kawo tsohuwar rana, faɗi kalandar da ka bi.

Mu da muka saba da Hijiriyya da Miladiyya bai kamata wannan ya ruɗe mu ba, amma sai ka ga an ɗauko shekarar rasuwar malami ta Hijiriyya an cire ta daga ta Miladiyya. Shekara 100 ta Hijiriyya kusan 97 ce ta Miladiyya, sai a fara mayar da su kalanda ɗaya.

Babu kuma shekara ta sifili. Archimedes ya mutu a 212 kafin Miladiyya, saboda haka a 1789 ya cika shekara 2000 da mutuwa, ba 1788 ba. A haɗa 212 da 1789, a cire ɗaya.

Wanda ya fi damuna shi ne ƙaga ranar da babu ita. Tarayyar Sobiyat ta buga kan sarki a 1983 na cikar masanin lissafi al-Khwarizmi shekara 1200 da haihuwa, alhali tarihi bai adana ranar haihuwarsa ba, "wajejen 780" kawai ake cewa. Karramawa ba laifi ba ce, amma kada a jefar da kalmar "wajejen".

Ranar Pi (lambar da ake samu in aka raba kewayen da'ira da faɗinta, kusan 3.14) ta 14 ga Maris ma ba tunawa da wani gano ba ce. A San Francisco aka ƙirƙiro ta a 1988, don Amurkawa suna fara rubuta wata kafin rana, 3/14. UNESCO ta amince da ita a 2019 a matsayin ranar lissafi ta duniya. Mu masu fara rubuta rana, 22/7, wadda ita ma kusan darajar Pi ce, ita ta dace da mu, wato 22 ga Yuli.