Yadda direban ƙaramin fili ko na NASCAR zai koma tseren IndyCar

A Amurka, yawancin direbobin tsere a ƙananan filayen karkara suke tashi, inda zagaye ɗaya bai wuce rubu'in mil ko rabin mil ba, wasu na ƙasa wasu na kwalta, ana fafatawa daren Juma'a da Asabar. Wanda ya yi fice yakan wuce NASCAR, gasar motoci masu cikakken bodi irin na motar gida. Ɗaya reshen shi ne IndyCar: mota mai kujera ɗaya, tayoyi huɗu a waje ba abin da ya rufe su, inji a bayan direba, fukafukai gaba da baya.

A da, tsallakawa tsakanin biyun ba wani abu ba ne. A.J. Foyt da Mario Andretti duk a ƙananan filaye suka goge, kuma kowannensu ya ci Indianapolis 500, babban tseren IndyCar, ya ci Daytona 500, babban tseren NASCAR. Abin da ya raba gari shi ne komawar inji baya. Tun da Jim Clark ya ci Indianapolis a 1965 da Lotus mai inji a baya, motar ta daina kama da ta filin ƙasa, masu ƙungiyoyi kuma suka karkata ga yaran da suka tashi a irin wannan mota. Shi ya sa Jeff Gordon, duk da ficen da ya yi a ƙananan filaye, NASCAR ya nufa. Amma ƙofar ba ta rufe ruf ba. Tony Stewart ya lashe manyan kofuna uku na USAC, hukumar da ke shirya tseren ƙananan filaye, a 1995, ya zama zakaran Indy Racing League, sunan gasar IndyCar a lokacin, a 1997. A ganina gwanintar ƙaramin fili gwaninta ce ta gaske, sai dai rabin aikin mai tsallakowa shi ne ya yar da wasu ɗabi'un da suka ciyar da shi shekara da shekaru.

Mataki na 1: Ka san abin da kake nema, ka fara ta filin da'ira

Kakar IndyCar ta haɗa filayen da'ira, da filaye masu kwana hagu da dama, da titunan cikin gari. Ba ɗaya suke ba wajen wahala ga baƙo. Donnie Allison, ɗan NASCAR, ya zo na 4 a Indianapolis 500 na 1970. Kurt Busch ya zo na 6 a 2014, a karonsa na farko. Jimmie Johnson kuwa, mai kofin NASCAR bakwai, da ya shigo a 2021 tare da ƙungiyar Chip Ganassi, sai ya zaɓi filaye masu kwana da tituna kaɗai, ya bar na da'ira saboda haɗarinsu. Duk kakar bai shiga goman farko ba. Da ya karɓi filayen da'ira a 2022, ya zo na 6 a Texas, na 5 a Iowa. Dalilin a fili yake: karanta layi, sanin inda roba ta kwanta a kwalta, jin yadda mota ke canzawa yayin da taya ke cinyewa, duk ka zo da su daga gida. Don haka ka nemi tserenka na farko a inda ake shan kwana hagu zalla.

Mataki na 2: Kujera da kuɗi

Kujerun kaɗan ne, kuma ba a ba da su don suna kawai. In ka riga ka shahara, mai ɗaukar nauyi ne zai buɗe maka ƙofa, kamar yadda kamfanin Carvana ya tsaya wa Johnson, ko yadda Rick Hendrick, mai ƙungiyar NASCAR, ya haɗa gwiwa da ƙungiyar IndyCar ta Arrow McLaren don Kyle Larson ya shiga Indianapolis 500 a 2024 da 2025. Ka kuma nemi izinin ƙungiyarka da kamfanin injin da kake tuƙa wa tun da wuri, tunda injin IndyCar ko na Honda ne ko na Chevrolet.

In kuwa matashi ne kai, tsani za ka bi: USF2000, sai USF Pro 2000, sai Indy NXT, wadda ake kira Indy Lights kafin 2023. Zakaran kowane mataki na samun tallafin kuɗi don hawa na gaba. Ed Carpenter ta gasar da ta zama Indy NXT ya bi daga ƙananan motocin USAC, har ya kai ga tashi daga gurbin farko a Indianapolis 500 sau uku. Marigayi Bryan Clauson ma tallafin da ya samu bayan cin kofin USAC ne ya sa shi a Indy Lights, kafin ya shiga babban tseren a 2012.

Mataki na 3: Gyara jiki

Sitiyarin motar IndyCar ba shi da na'urar sauƙaƙa juyawa, da ƙarfin damtsenka za ka murɗa shi. Wuya kuma shi ke fara gajiya, saboda ƙarfin da ke fizgar kai a kwana da wajen birki. Ka ba wuya da kafaɗa da damtse watanni na atisaye kafin gwajin farko. Gilashin kariya da aka sa wa motocin tun 2020 ya ceci rayuka, amma ya ƙara zafi a ciki. Sannan zaman kansa baƙo ne: kusan a kishingiɗe kake, ƙafafu a miƙe, a tsakiyar mota maimakon gefen hagu, cikin kujerar da aka zuba daidai da siffar bayanka. Kada ka yi kawaici ranar auna kujera. Ɗan matsi a ƙugu da ka raina a gareji, bayan zagaye 150 shi zai cinye maka hankali.

Mataki na 4: Ka yar da tsofaffin ɗabi'u

Nan ne aikin yake, nan kuma ya kamata ka daɗe.

Motar NASCAR ta kai kilo 1,500, ta IndyCar kuwa wajen rabin haka. Abin da ke manne ta da ƙasa iska ce: fukafukai da siffar ƙarƙashin motar suna danna ta ƙasa, kuma in gudu ya ninka, dannawar ta ninka sau huɗu. Ma'ana, akwai kwanar da in ka shige ta da tsoro motar za ta zame, in ka ba ta wuta ta zauna daram. Jikinka zai ce ka ɗaga ƙafa, injiniya zai ce ka danna. Ba a koyon wannan a rana ɗaya. Ka ƙara gudu kaɗan-kaɗan a kwana guda, kana duba bayanan na'ura bayan kowace fita, har zuciya ta yarda.

Birki ma a juye yake. A mota mai nauyi ka saba taka shi da wuri, a hankali, kana jiran nauyin ya kwanta a gaba. A nan sai ka matso kusa da kwana sosai, ka taka da dukkan ƙarfinka a bugun farko lokacin da iska ke danne da motar, sannan ka riƙa sassautawa yayin da gudu ke raguwa. In ka ci gaba da dannawa bayan iskar ta saki, taya za ta kulle ta yi tabo, sitiyari ya kama kakkarwa har ka shiga canji. Ka kuma tuna ba a ɗumama taya kafin a ɗaura ta a IndyCar. Zagayen farko bayan canji, da taya mai sanyi, shi ke jefa baƙi da yawa cikin ciyawa.

Sai zamewar baya, wadda ita ce abin alfaharin ɗan filin ƙasa. Can kana jefa motar a karkace, kana tuƙa ta da totur, ƙasa na tashi. A Indianapolis, cikin gudun da ya haura kilomita 350 a awa, in bayan mota ya ɓalle ka juya sitiyari dama don ka tare shi, tayoyin na iya cafkar kwalta farat ɗaya su miƙa ka cikin katanga da goshi. Abin da ake so shi ne ka ji alamar tun tana ƙarama, ka ɗaga ƙafa, ka koma ka faɗa wa injiniya. Direban da ya ce motar ba ta yi masa ba, ba wanda zai kira shi rago.

In kuma karo ya zama dole, saki sitiyarin. Taya a waje take, duk abin da ta daka sitiyari zai fizge da shi. A atisayen Long Beach na 2022 Johnson ya daki katanga hannunsa na kan sitiyari, ƙashin hannun damansa ya tsage. Mutum ne da ya shafe shekara ashirin yana riƙe sitiyari gam a kowane hatsari, hannun ya yi abin da ya saba.

Na ƙarshe a wannan babi, gogayya. A ƙananan filayen NASCAR kamar Bristol ko Martinsville ɗan tunkuɗa da bamba sana'a ce. Da tayoyi a waje, in taya ta hau taya mota sama take tashi. Mummunan hatsarin Las Vegas na Oktoba 2011, wanda Dan Wheldon ya rasu a cikinsa, daga taɓa juna cikin cunkoso ya faro. Ka bar wa abokin tsere faɗin mota guda, ko da kana ganin kai ke da gaskiya.

Mataki na 5: Maɓallai da injiniyoyi

Daga cikin kujera kana iya matsar da nauyi tsakanin tayoyin gaba, ka tsaurara ko ka sassauta sandunan da ke hana mota jirkicewa, ka canza yadda inji ke shan mai. A filaye masu kwana akwai maɓallin ƙarin ƙarfi don wuce abokin tsere, tun Yulin 2024 kuma an ƙara na'urar lantarki mai tara ƙarfi wajen birki. Ka haddace su a na'urar kwaikwayon tuƙi har yatsa ya san wurinsu ba tare da ido ba. Ka nemi tsohon hannu ya tsaya a kanka: Dario Franchitti ya yi wa Johnson wannan aiki, Tony Kanaan ya yi wa Larson.

Mataki na 6: Jarrabawar sababbin shiga

Filin Indianapolis mil biyu da rabi ne, kwana huɗu masu ɗan gangare kaɗan, kuma ba a barin baƙo ya shiga cikin jama'a sai ya ci jarrabawa kashi uku: zagaye 10 cikin gudun mil 205 zuwa 210 a awa, zagaye 15 cikin 210 zuwa 215, sai 15 sama da 215. Ba gudu ake aunawa ba, natsuwa ce. Ana so a ga layinka ɗaya ne kowane zagaye, kana jin umarni ta rediyo. Ka lura da tutocin iska a saman fili, domin kwana huɗun a takarda iri ɗaya ne, amma iskar da ke tura ka a ta ɗaya ita ke tare ka a ta uku.

Mataki na 7: Cunkoso da layin canjin taya

Gudu kai kaɗai shi ne mai sauƙin. Bayan wata mota, iskar da ke isa fiffikenka na gaba a dame take, sai goshin motar ya ƙi shan kwana. Ka koyi ja da baya kaɗan a shiga, ka fito da ƙarfi, iskarta ta ja ka a miƙaƙƙen layi ka wuce kafin kwana ta gaba. Ka roƙi abokan ƙungiyarka ku yi atisaye a jere kullum.

Ƙananan abubuwa ne ke kayar da gwanaye. Larson, wanda ya ci manyan tseren filin ƙasa na Chili Bowl da Knoxville Nationals da kofin NASCAR na 2021, ya tashi daga gurbi na 5 a Indianapolis 500 na 2024, yana cikin na gaba har ya wuce ƙa'idar mil 60 a awa wajen shiga layin canjin taya. Hukuncin ya mayar da shi baya, ya ƙare na 18. Sauka daga 220 zuwa 60 da birkin da ya huce aiki ne da ake maimaitawa sau da yawa kafin ranar tsere.

Kada kuma ka ɗora wa kanka tsere biyu a rana ɗaya a shekararka ta farko, Indianapolis da rana, tseren NASCAR na mil 600 a Charlotte da dare. John Andretti ya fara shi a 1994, amma Tony Stewart kaɗai ya kammala mil 1,100 ɗin, a 2001. Ruwan sama ya ɓata wa Larson shirin 2024, a 2025 kuma ya yi hatsari a duka biyun.

Mataki na 8: Ka nemi kwantiragin da ya wuce shekara ɗaya

In kakar gaba ɗaya kake so, kada ka sa hannu a takardar shekara guda. Ranakun gwaji ƙayyadaddu ne a IndyCar, saboda haka shekarar farko a cikin tsere za ka yi karatunka, a gaban jama'a. Scott McLaughlin ɗan New Zealand ya zo da kofi uku a jere na gasar Supercars ta Ostareliya, motoci masu bodi da nauyi. Team Penske ta ba shi lokaci. A 2021 bai ci tsere ko ɗaya ba, ko da yake ya zo na 2 a Texas a tserensa na farko a filin da'ira. A 2022 ya ci uku: St. Petersburg, Mid-Ohio da Portland. A 2024 ya karɓi gurbin farko na Indianapolis 500 da matsakaicin gudun mil 234.220 a awa cikin zagaye huɗu.