Kurakuran da aka fi yi wajen bin salsalar sarakunan Polan na da

Wanda ya zauna zai rubuta tarihin gidan Piyast, zuriyar da ta mulki Polan tun ƙarni na 10, yakan fara tuntuɓe da kalmar "sarki". Miyeshko na ɗaya, wanda ya auri Dobrawa 'yar sarautar Bohemiya kuma ya karɓi Kiristanci a 966, bai taɓa sa kambi ba. Basarake ne mai ƙasa da mayaƙa. Ɗansa Boleslaf Jarumi ne aka fara naɗa wa kambi a 1025, shekarar da ya rasu. Saboda haka kafin ka ce wa mutum sarki, nemo shekarar naɗinsa. In babu, ce masa basaraken gari kaza.

Babban rami kuwa shi ne dogaro da suna da lamba. Sunayen gidan kaɗan ne, ana ta maimaita su kamar yadda ake yi wa jika takwara da kakansa. "Boleslaf na biyu" kaɗai ya ishe ka ruɗewa: akwai wanda aka naɗa a 1076, aka kore shi a 1079 bayan kisan Bishof Istanislaf, akwai na garin Legnitsa a yankin Silesiya da ya rasu a 1278, ga kuma wani a yankin Mazobiya. Dalili shi ne wasiyyar Boleslaf Mai Karkataccen Baki. Da ya rasu a 1138, an raba ƙasar tsakanin 'ya'yansa, da sharaɗin babbansu ya riƙe birnin Kirakof. Abin bai ɗore ba, domin a 1146 ƙanne suka kori wansu Buladislaf. Daga nan kowane reshe ya ci gaba da ƙirga nasa. Maganin abin: rubuta laƙabi, da garin da ya mulka, da sunan mahaifiyarsa. Ni dai sunan uwa na fi amincewa da shi, ya sha fid da ni daga duhu.

Matan gidan ma ana cin haƙƙinsu, a tattara biyu a mai da su ɗaya. Yadwiga ta Silesiya Bajamushiya ce daga gidan Andeks, matar Henrik Mai Gemu. Ɗanta Henrik na biyu ne Mongol suka kashe a yaƙin Legnitsa a 1241, ita kuma ta rasu a 1243 a gidan ibadar mata na Tishebnitsa, wanda ita da mijinta suka kafa. Ɗaya Yadwigar 'yar Sarki Luwis na Hangare ce, an naɗa ta sarautar Polan a 1384, kuma da muƙamin sarki aka naɗa ta, ba matar sarki ba. Shekara fiye da 140 ke tsakaninsu.

Ana kuma cewa gidan ya ƙare da rasuwar Kazimir Babba a 1370. Kambi ne ya bar hannunsu a lokacin. Reshen Mazobiya ya kai 1526, na Silesiya kuwa sai 1675.

Kada ka sa sunan Piyast a bakin su kansu sarakunan. Masu tarihi na ƙarni na 17 ne suka liƙa wa zuriyar sunan, daga labarin wani manomi da ake cewa shi ne kakansu.