Ku fara neman aikatau a jimlar Turanci

Ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC, idan aka ba ku jimlar Turanci domin ku feɗe ta, ku fara gano aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, sannan ku tambayi wanda ya yi aikin (aikau) da wanda aikin ya faɗa wa (karɓau), domin a Turanci aikau kan zo kafin aikatau, karɓau kuma bayansa. Kada ku yanke wa kalma aji daga siffarta kawai. A "They water the garden", kalmar "water" aikatau ce, amma a "The water is cold" suna ce, kuma a nan ne na ga ɗalibai da yawa suna tuntuɓe. Sifa takan gabaci sunan da take bayyanawa, saboda haka "white horse" ake cewa.