Yadda za ka kalli Dr. No ka gane aikin da aka yi a ciki

Tun kafin ka kunna ka cire rai da ganin mota mai harbi ko agogo mai fashewa, babu su a nan. Dr. No na 1962 shi ne fim ɗin James Bond na farko, kuma kuɗin da kamfanin fina-finai na United Artists ya ba furodusoshinsa Albert Broccoli da Harry Saltzman wajen dala miliyan ɗaya ne kacal, to da wannan idon za ka kalle shi, ka riƙa tambayar kanka ya aka yi ɗan kuɗin nan ya isa.

Sannan ka tuna da lokacin. A farkon 1962 aka ɗauke shi a Jamaika tana hannun Ingila, aka ƙarasa a situdiyon Pinewood, ran 5 ga Oktoba aka fara haska shi a Landan, ko sati biyu ba a yi ba rikicin makamai masu linzami na Kuba ya ɓarke tsakanin Amurka da Tarayyar Soviet. Shi ya sa mugun fim ɗin, Dr. No, da ke dagula wa Amurka harba rokoki daga Cape Canaveral ba abin wasa ba ne a wajen masu kallo a lokacin.

Akwai wuraren da ya kamata ka tsayar da fim ɗin ka duba da kyau. Wanda ya juyo ya yi harbi ta cikin bakin bindiga a farko ba Sean Connery da ya fito a Bond ba ne, Bob Simmons ne mai yi masa wuraren haɗari. Amma inda na fi so ka daɗe shi ne ɗakin da Farfesa Dent, yaron Dr. No, ya shiga karɓar gizo-gizon da za a saka wa Bond a gado. Kujera ɗaya ce da tebur, sai wata ƙatuwar taga mai raga a rufi da inuwarta ta zubo a bango, ba ka ganin Dr. No muryarsa kawai kake ji amma wallahi sai tsigar jikinka ta tashi. Aikin Ken Adam ne, mai tsara ɗakunan fim ɗin, ni dai a ganina ɗakin nan ya fi duk fashe-fashen ƙarshen fim ɗin ƙarfi. Can gaba a gidan mugun za ka ga Bond ya tsaya yana kallon wani zane, kwafin zanen mai zane Goya ne da aka sace a gidan zane na National Gallery da ke Landan a 1961, wato fim ɗin na nuna Dr. No ne ɓarawon.

Ka kuma kasa kunne ga kiɗan Monty Norman da John Barry ya tsara, har yau shi ake ji.

In ka gama kar ka tsallaka zuwa na zamani, ka bi da From Russia with Love na 1963 da aka ninka masa kuɗi, sai Goldfinger na 1964, a nan ne za ka ga motar nan mai harbi ta iso.